Jawabi Kan Yawan Jama'ar Keana da Rabonmu a Cikinsa



Muna miƙa gaisuwar ban girma ga mai martaba Osana na Keana da al'ummar Alago, masu masaukinmu, domin masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Jama'a, maganarmu ta yau a kan lissafi take, wato mu nawa ne a ƙasar nan, kuma me wannan adadi yake jawo mana. Kamar yadda muka sani, an ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka sa hedkwatarta a Lafiya. Keana ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumominta 13, faɗin ƙasarta ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,000. Ƙidayar 2006 ta ba ta kimanin mutum 80,000, abin da ya sa ta cikin masu ƙarancin jama'a a jihar. To, tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Ke nan yaron da aka haifa bayan waccan ƙidaya, yau ga shi da gemu, amma a takarda babu shi!

Su wane ne mutanen nan? Akwai Alago, waɗanda tarihinsu ya danganta su da Kwararrafa, akwai Tibi manoma, akwai Fulani makiyaya, ga kuma mu Hausawa. Tun zamanin kakanni gishirin Keana, wanda matan garin suke dafawa, yake jawo fatake zuwa nan. Yau kuma ga doya da shinkafa da riɗi suna fita daga Giza da Kadarko da Aloshi da Agaza, kuma hannunmu na cikin wannan ciniki dumu-dumu.

Abubuwan more rayuwa fa? Alhamdu lillahi, akwai babban asibiti, akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, akwai makarantun firamare da na sakandare, ga hanyar da ta bi ta Obi zuwa Lafiya. Sai dai kowa ya san jama'a sun ƙaru. A 2018 kaɗai, rikicin manoma da makiyaya a kan iyakar Binuwai ya koro ɗimbin mutane zuwa garuruwanmu, har makarantu suka zama masauki.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawan jama'a yana cikin ma'aunan da ake dubawa wajen raba kuɗin tarayya ga ƙananan hukumomi, da shi kuma ake tsara ajujuwa da allurar rigakafi da rijiyoyin burtsatse. Amma wasunmu da an ce ƙidaya ko rajistar zaɓe, sai su kwashi iyali su nufi Kano ko Katsina ko Zariya, wai a ƙirga su a gida. Haba jama'a! A nan muke shan ruwa, a nan matanmu suke haihuwa, a nan muke binne mamatanmu. In an ƙirga mu can, rabon ya tafi can, mu kuma mu dawo mu yi layi a asibitin da ba a gina shi da lissafinmu ba.

Don haka muna kira da abu uku. Na farko, duk ranar da aka buga gangar ƙidaya, kowa ya zauna inda yake kwana. Na biyu, kowane magidanci ya karɓo wa 'ya'yansa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, domin ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Na uku, masu katin zaɓe na wani gari su nemi a mayar musu da shi mazaɓarsu ta nan. In kuma za mu kai kuka wurin hukuma kan ruwa ko hanya, mu tafi tare da maƙwabtanmu Alago da Tibi da Fulani, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ƙara mana haɗin kai, amin. Wassalamu alaikum.