Dami nawa gonar ta bayar bana?

Manomin Tofa yana da nasa ma'aunin: dami nawa na gero ya ɗaure bana, mangala nawa ta taki jaki ya kai gona da rani. Lissafin ba laifi, sai dai damin wani ya fi na wani kauri, kuma dami ba ya faɗin ƙarfin da ya rage wa ƙasa.

Malaman gona kuwa sukan keɓe ɗan fili a tsakiyar gona, su girbe, su ɗora hatsin a sikeli, sannan su ɗebi ƙasa zuwa ɗakin gwaji. Da masani Michael Mortimore ya kwatanta ƙasar gonakin kewayen Kano ta 1977 da ta 1990, ya tarar ba ta gaji kamar yadda ake fargaba ba, alhali kowace damina ana nomanta, ba hutu. Taki da toka da kashin tumakin da suka ci harawa ne suka riƙe ta.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ma ta gwada shuka layi 2 na dawa, 4 na wake. Mai auna irin wannan gona, in ya tsaya kan hatsi kaɗai, ya yi rabin aiki, domin harawar da ke jibge bisa rufin ɗaki ita ma kuɗi ce idan rani ya tsananta.