Fili Ya Yi Araha, Yaran Fa Ina Za Su Yi Karatu?

 

An nemi in yi magana a kan yadda birnin Kano yake faɗaɗa. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan tambaya ɗaya da magidanci ba ya yi wa dillali. Duk wanda ya taɓa bin dillali ganin fili a Danbare ko Rimin Kebe ko Gunduwawa ya san yadda hirar take. Akwai wuta? Taransifomar layin nan lafiyarta ƙalau? Ruwa yana kwanciya da damina? In an haƙa rijiya, gaba nawa ake tarar da ruwa? Takardar fa, ta gwamnati ce ko awon igiya? Masallaci ba a ma tambaya, ana jiyo lasifika. A ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi gini, a tare. Sai an dawo daga hutu uwargida za ta ce, "Malam, yaran nan ina za a kai su?" A ranar ne mai gida zai fara tambayar inda firamaren gwamnati take.

A Amurka wannan tambaya ita ce ta farko. Adireshin gidanka shi ne yake yanke makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin makarantun daga ƙananan hukumomi yake fitowa, akasari harajin gidaje. Unguwar masu hali tana da makarantar masu hali ke nan. An kai ƙarar wannan tsari har Kotun Ƙoli daga San Antonio ta jihar Texas, a 1973 kotu ta ce bai saɓa wa tsarin mulkinsu ba. A 1999 wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta kwatanta gidajen da suke unguwa ɗaya a garuruwan kewayen Boston amma iyakar makaranta ta raba su. Ta gano cewa idan sakamakon jarrabawar wata firamare ya ɗara na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin 100, kuɗin gidan ɓangarenta yakan ɗara da wajen kashi 2.5. Har kurkuku an taɓa kai wata uwa a jihar Ohio a 2011 don ta rubuta adireshin mahaifinta, 'ya'yanta su samu makaranta mai kyau.

Ban kawo wannan don mu yi sha'awarsa ba. Tsari ne da yake gadar wa ɗan talaka makarantar talaka. Mu a nan babu wanda zai ɗaure ka don kana Kurna ka kai ɗanka firamare a Fagge. Makarantun da muke alfahari da su ma, irin na kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, da jarrabawa ake shigarsu, ba da adireshi ba. Sai dai abin da doka ba ta yanke mana ba, nisa ya yanke. Yaro ɗan shekara shida da ƙafa yake zuwa makaranta. Iyakarsa inda ƙafarsa za ta kai shi ba tare da ya tsallaka titin Gwarzo ko titin Katsina ba. Saboda haka ranar da ka sa hannu a takardar fili, ka zaɓa wa ɗanka makaranta, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ku dubi yadda sababbin unguwanninmu suke tasowa. Mai gona ya rasu, magada suka kira dillalai, aka zo da igiya da turaku. Ana yanka filaye, abin da ake lissafi shi ne guda nawa za su fita. Hanya ma da kyar ake bar mata abin da mota ɗaya za ta wuce. Wani mai tsoron Allah yakan ware filin masallaci. Filin makaranta kuwa, wa zai ware? Firamare tana son wuri mai faɗi, da ajujuwa da filin wasa da banɗaki, abin da zai ci filaye goma ko fiye. A shimfiɗar da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta zana akan fitar da wurin makaranta da asibiti da kasuwa a taswira, ko da yake mun sha ganin irin waɗannan wurare sun wayi gari sun zama shaguna. A awon igiya kuwa tun farko babu su. Bayan shekara goma, gidaje sun haɗe, jama'a sun yi yawa, a tashi wakilai a je wa shugaban ƙaramar hukuma da kuka. Ko yana da niyya, ina zai aza tubalin? Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

To ina yaran suke zuwa? Suna komawa tsohuwar firamaren ƙauyen da birni ya haɗiye. Yawancin irinta an gina su ne zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, domin 'ya'yan manoman ƙauye ɗaya da 'yan rugagen gefensa. Yau unguwanni biyar ko shida ne suke tura mata yara. Na shiga wata irin wannan da hantsi. Benci uku ne a ajin, an tura su jikin bango, yara suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, na baya sun jingina da ƙyaure. Malamar tana da himma, muryarta har ta dushe. Ta rubuta jimla a allo, ta faɗa, aji ya amsa da ƙarfi har kwano yana amsawa. Na ɗauki wani yaro daga tsakiya, na nuna masa kalma ɗaya daga cikin jimlar, na rufe sauran da tafin hannu. Ya dube ni, ya dubi allo, ya sake rero jimlar tun daga farko. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin nan ya ninka haka har ya wuce, kuma babu malamin da zai iya bin yaro ɗaya-ɗaya a cikin irin wannan taro.

Na san abin da wasunku suke faɗa a zuci: ni ai makarantar kuɗi zan kai nawa. To mu yi lissafi. Mu ƙaddara mai Adaidaita Sahu yana karɓar naira 1,000 kullum ya kai yaranka ya dawo da su, kuma duk wanda ya sayi mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ya san na yi rangwame. Kwanakin karatu a shekara sun kai wajen 190. Naira 190,000 ke nan. A shekara shida ta firamare kuɗin mota kawai ya haura miliyan ɗaya, ba a zo kan kuɗin zango da littattafai da yunifom da kuɗin tara ba. Rarar da ka samu don ka sayi fili can ciki, nesa da titi, a tayar Adaidaita za ta ƙare. Sannan makarantun kuɗin da suke tsirowa a irin waɗannan unguwanni, da yawansu gidan haya ne mai ɗaki huɗu aka yi wa fenti aka rataya allo. Suna tsirowa ne don babu ta gwamnati a kusa, kuma inda babu ta gwamnati mai rai, mai makarantar kuɗi ba ya jin tsoron kowa, ko a farashi ko a inganci. Ga kuma abin da ba a son faɗa: kasuwa tana juyawa, aiki yana ƙarewa, mai gida yana mutuwa. Ran da kuɗin zango ya gagara, firamaren unguwa ce take karɓar marayu. Don haka ko ba ka da niyyar sa ɗanka a cikinta, ka san halin da take ciki.

Yaya ake saninsa? Gani ya kori ji. Kada ka je ranar da aka gayyace ka, kada kuma fenti ya ruɗe ka, domin fenti shi ne abu mafi sauƙi a kwangila. Ka je da sassafe ran Litinin, ka sake komawa bayan an dawo daga tara. Ka gaida hedimasta, ka faɗa masa kana son tarewa a unguwar. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi karɓar irin wannan baƙo ba. Ka tambaye shi malamai nawa ne a takarda, sannan ka zaga ka ƙirga ajin da yake da malami a tsaye. Ka tambayi nawa ne masu albashi, nawa ne 'yan sa-kai. Takardar NCE a hannun malami tana da muhimmanci, amma ba ta wadatar ba: a Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta jayayya a kan yadda aka yi jarrabawar, amma darasin da ke ciki ga uba shi ne ya duba aikin da idonsa. Da izinin malami, ka buɗe littafin ɗan aji uku ka ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Ka ba yaro biyu ko uku gajeren labari da Hausa wanda ba su taɓa gani ba. Idan 'yan aji uku suna iya karantawa, makarantar tana da rai ko da rufinta yana yoyo.

Ka leƙa banɗaki, ka tambayi inda ake samun ruwa. Mai 'ya'ya mata kuma ya ƙara da tambaya ɗaya: ina ƙaramar sakandaren 'yan mata mafi kusa? Yarinya takan gama aji shida lafiya, sai a ce sakandare tana da nisa, sai an hau mota biyu. Uba ya yi shiru, uwa ta yi shiru, a ce ta ɗan zauna tukuna. Wannan "tukuna" ta cinye karatun yara mata da yawa a gefen birnin nan.

Kada kuma a auna makaranta da labarin cewa 'ya'yan wane da wane a nan suka yi. Makarantar da 'ya'yan malaman jami'a suka cika za ta fitar da sakamako mai kyau ko malamanta suna barci, saboda ana koya musu a gida. Wadda ta karɓi ɗan mai tura baro, wanda babu takarda ko ɗaya a gidansu, ta mayar da shi mai karatu a shekara uku, ita ce ta yi aiki.

Ba na cewa gwamnati ba ta da nauyi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, wadda ba ta sakin kason gine-gine sai jiha ta ajiye nata. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Duk wannan kuɗi aji yake ginawa, aji kuwa a kan ƙasa ake gina shi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ba za ta rushe gidajen mutane don ta yi makaranta ba.

Shi ya sa roƙona yake wurinku, iyayenmu dagatai da masu unguwanni. Babu cinikin gona da yake tabbata sai da shaidarku. Kafin ku sa hannu a yanka gona mai faɗi, ku tambaya ina filin makaranta, a kafa masa turaku tun ranar, a rubuta, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kwafi. Masu sayen filayen su haɗa kuɗinsa idan magada ba za su iya sadaukarwa ba. Raba shi a kan filaye ɗari zai rage wa kowa nauyi. Waɗanda kuma suka riga suka tare, kowace firamare tana da kwamitin al'umma na kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, kuma kujerunsa a wurare da yawa suna nan babu masu zama. Ma'aikacin banki da lauya da injiniyan da suka gina gida a unguwar su ne suka san ƙofar ofishin da ake bugawa.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Akwai jami'an tsara birane a cikinmu, ina so su fara ba mu amsa a kan filayen makarantun da aka zana a taswira, kafin a buɗe wa sauran jama'a tambayoyi.