Allurar da mutum ke yi wa kansa: jawabin filin lafiya na wannan mako

 

Wani mai sauraronmu da ke fataucin dabbobi ya aiko mana da saƙo. Ya ce yayansa ya dawo daga jinya a ƙasar waje da wata allura da zai riƙa yi wa kansa sau ɗaya a wata, saboda ciwon da ake kira amiloyidosis. Ya ce shi fa ya yi shekaru yana yi wa shanu allura, to me zai hana ya karɓi aikin? Malam, mun gode da ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Amsar ita ce allurar shanu daban, wannan daban.

Bari mu fara da ciwon. Hantar kowane mutum tana yin wani sinadari mai suna transthyretin, wanda ke ɗaukar bitamin A yana kai shi sassan jiki ta cikin jini. A jikin wasu mutane sinadarin yakan lalace, ya dunƙule, ya taru a jijiyoyi da zuciya. Sai mutum ya fara jin tafin ƙafarsa ya mutu ko yana zafi kamar ya taka garwashi, jiri ya ɗebe shi in ya miƙe tsaye, ga gudawa ko taurin ciki, ga rama. In zuciya ya kama, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai nau'in da ake gado: idan uwa ko uba na ɗauke da shi, kowane ɗa ko 'ya na iya ɗauka, rabi da rabi ne. Wani reshe na wannan gadon, mai suna V122I, asalinsa Afirka ta Yamma ne, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi. Shi ya fi taɓa zuciya, bayan shekara 60.

Allurar da ake magana sunanta eplontersen, a kan kwali za ku ga Wainua. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Disamba 2023, don manya masu nau'in gado da ya taɓa jijiyoyi. Miligiram 45 ce, a ƙarƙashin fata, sau ɗaya a wata. Aikinta ta rage yawan sinadarin da hanta ke yi. Amiloyidosis iri-iri ne, kuma maganin wani bai yi wa wani. Don haka kar wanda ya ji ƙafarsa na zafi ya ce a sammasa daga na maƙwabci. Likita ne ke rubutawa, bayan gwaji.

To, ga inda matsalarmu take: zafi. Ana ajiye allurar a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a cikin kwalinta don kar haske ya taɓa ta. Ba a bari ta daskare. In ta zama ƙanƙara, ta tashi aiki. In an fitar da ita daga firji, za ta iya zama har mako 6, matuƙar zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. Ku da kanku kun san Maraɗi da Sakkwato a watan Afrilu, zafi na haura 40. Aljihun riga, akwatin babur, gaban mota kusa da gilashi, duk ba wurin ajiyarta ba ne. In tafiya ta kama, a sa ta cikin kula, a naɗe ƙanƙarar da tsumma don kar ta taɓa kwalin. Gindin randa yana da sanyi, gaskiya ne, amma randa ba firji ba ce. Mai zaman ruga ya nemi asibitin da ya fi kusa da shi mai firjin rigakafi, ya roƙi a ajiye masa. Ranar da kuka fitar da ita, ku rubuta a jikin kwali.

Ranar allura, a fito da ita minti 30 kafin lokaci ta huce da kanta. Ban da shanyawa a rana, ban da ruwan zafi. A wanke hannu da sabulu. A duba kwanan wata, a leƙa ruwan maganin: in ya yi gurɓi ko akwai ɗigo-ɗigo a ciki, a bar shi. Ana yi a fatar ciki, nesa da cibiya kamar faɗin yatsu uku, ko a gaban cinya. Bayan damtse kuwa sai in wani ne zai yi maka. A guji wurin tabo, ko inda ya kumbura ko ya yi ja. Ta farko a yi ta gaban ma'aikacin lafiya, ya nuna, ya kuma ga hannunka. Malam mai saƙo, nan ne za ka shigo: ka raka yayanka, a koya muku tare. Kowace allura sau ɗaya ake amfani da ita. In an gama a jefa ta cikin roba mai kauri da murfi, a kai asibiti. Kar a yar a bola inda yara ke tsince-tsince.

In ranar ta wuce kana daji, ka yi da zarar ka samu hali, sannan ka fara ƙirga wata daga wannan ranar. Kar ka haɗa biyu don ramuwa.

Maganin yana rage bitamin A a jini, shi ya sa likita ke haɗa wa mutum da ƙwayar bitamin A ta kullum. A sha daidai yadda aka ce, kar a ƙara da kai. In ka lura magariba na yi ba ka gane hanya, wato dundumi, ko idanu na bushewa, ka koma wurin likita da wuri. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa wa likita tun kafin a fara.

Masu ƙetare iyaka, ku riƙe takardar likita tare da maganin a kwalinsa na asali. Jami'an kwastan suna sa ido kan magunguna saboda masu safarar tramadol, kuma takardar ce za ta raba ku da tsaiko a cikin rana. Kar ku sayi irin wannan allura a tebur ko wurin mai talla, don ba ku san kwana nawa ta yi a zafi ba. Masu yi wa kansu allurar insulin ta ciwon suga, maganar zafi da ƙanƙara da zubar da allura ta shafe ku, sai dai kwanakin naku ku tambayi likitanku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya.