Damina, Rani da Kasuwar Nono: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, da baƙinmu da suka tsallako iyaka daga Jibiya da Katsina, barkanku da zuwa Maraɗi.

An ce in yi magana kan nono. Na san wasu za su ce wannan ai sha'anin matan Fulani ne. To amma duk mai ɗauko dusa ko madarar gari daga Kano, da mai kai cuku da man shanu kudu, a cikin wannan kasuwa yake cin abincinsa.

Saniya abin da ta ci take mayarwa nono. Daga Yuli zuwa Satumba ciyawa ɗanya ce, ruwa na ko'ina a tabkuna, ƙwarya na cika. Sai dai a daidai wannan lokaci garkuna ke haurawa arewa don su bar wa manoma gonaki; tun 1961 doka ta shata iyakar noma a ƙasarmu, abin da ke arewa da ita na makiyaya ne. Ke nan nono ya fi yawa a inda babu mai saye, a dajin Dakoro da Abalak har zuwa Ingal. Shi ya sa mata ke kaɗa mai, suna shanya cuku, don su ne ke jure tafiya. Mai jari a hannu, lokacin sayensa ke nan.

Da rani kuwa ciyawa ta bushe, shanu su gangara kudu. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, saniya ta rage ci, ɗan abin da ke hantsarta kuma sai an bar wa maraƙi. Wanda aka tatsa da safe, in babu firigo, kafin azahar ya juya. Nan ne madarar gari ta Turai ke cin kasuwa, har mai fura ta koma dama ta a madadin kindirmo. Mai sha ya sani, haƙuri kawai yake yi.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, fari ba ya gama ɓarnarsa a shekarar da ya zo. Saniya wata tara take da ciki, kuma wadda ta sha yunwa ba ta karɓar barbara. In ba ta haihu ba, babu nono. Don haka damina in ta gaza bana, ƙarancin nono na nan tafe baɗi ko da ruwa ya wadata. In kuwa shanun suka mutu, karsana sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari. Dattawa sun ga haka a 1973, sun sake gani a 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyaka har mutanenmu suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Mu kuma mun ga 2010: shanu sun rame don rashin ciyawa, ruwan farko na sauka suka dinga faɗuwa.

Yanzu abin ya ƙara rikicewa. Ruwa kan makara, ya zo ya ɗauke, sannan ya sauko gaba ɗaya kamar ambaliyar 2024 da ta yanke hanyoyi. Ciyawa na nan, amma mota ba ta isa ruga.

Ra'ayina, ƙungiya ta daina jiran bazara kafin ta nemi abincin dabbobi. Da kaka dusa da harawa da angurya suna araha. Mu haɗa kuɗi mu saya, mu ajiye a wannan ɓangaren iyaka, domin rufewar 2019 da ta 2023 sun nuna mana kaya na iya maƙalewa a can alhali shanu na yunwa a nan. In rani ya tsananta mu ba makiyayan da muke hulɗa da su, su biya da mai da cuku in damina ta faɗi, kan farashin da aka yanke tun farko gaban shaidu. Na san akwai masu tsoron bashi, kuma suna da hujja, shi ya sa nake ganin a fara da ruga biyu ko uku da aka sani.

Magatakarda na da takarda a bakin ƙofa, mai son shiga ya rubuta sunansa kafin a tashi.