Mashigin Tekun Gini: Haɗin Kan da Bai Wuce Yaƙi da 'Yan Fashi Ba

 

Wanda yake ganin Bakano ko Bamaraɗe ba shi da haɗi da teku, ya shiga Kantin Kwari ya tambayi inda kaya suke sauka. Zai ji Legas, Kwatano, Lome, Duwala. Man Chadi ma tun 2003 ta Kiribi a Kamaru yake fita. Duk abin da ya taɓa Mashigin Tekun Gini, aljihunmu ya taɓa.

A 2020, cikin ma'aikatan jirgin ruwa 135 da aka sace a duniya, 130 a wannan ruwa aka ɗauke su. Ba don rashin yarjejeniya ba ne. Tun watan Yunin 2013 ƙasashe 25 suka sa hannu a Yawunde, aka kafa cibiya a can, da ta Afirka ta Yamma a Abijan, aka raba tekun shiyya-shiyya. Najeriya, Benin, Togo da Nijar aka sa su shiyya ɗaya, hedikwatarsu a Kwatano. Daga baya aiki ya fara nuna kansa. Najeriya ta yi dokar hukunta fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195 a 2021. A shekarar ce wata kotu a Legas ta ɗaure mutum goma da suka kwace jirgin kamun kifi na Sinawa a ruwan Kwaddibuwa. A 2022 tankar Heroic Idun ta guje wa sojan ruwan Najeriya, Ikwatoriyal Gini ta tare ta, ta miƙa ta ga Najeriya. Satar mutane ta ragu ƙwarai, kuma waɗanda suka yi wannan aiki sun cancanci yabo.

Sai dai ina so mu tambayi kanmu, me ya sa a nan kaɗai aka yi nasara? Amsata ita ce fashin teku ya taɓa masu jirage da kamfanonin inshora na Turai da Asiya. Su suka yi kuka har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurori a 2011, 2012 da 2022, kuɗin horo da na'urori suka biyo baya. Inda asarar tamu ce mu kaɗai, kowace ƙasa gabanta take ci.

Ku dubi kifi. Manyan jiragen waje suna shigowa har inda masu kwalekwale suke jefa taru, su kwashe manya da ƙanana. A Gana har sunansa aka sani, saiko: jirgi ya kama kifin da doka ta hana shi, ya daskarar, ya sauke wa kwalekwale a tsakiyar ruwa, a kai Elmina a sayar wa mutanen da aka raba da abincinsu. Jirgin da ya yi laifi a wata ƙasa yana iya sake suna da tuta, ya nemi lasisi a maƙwabciyarta, domin ma'aikatun ba sa musayar bayanai yadda ya kamata. Abin da ya fi ƙona mini rai, Tarayyar Turai ce ta ja kunnen Gana a 2021, ita ce kuma ta haramta sayen kifin Kamaru a farkon 2023 saboda ba da tutarta ga irin waɗannan jirage. Maƙwabtan da ake sace wa kifi ba su suka fara magana ba.

Iyakar ruwa kuwa, mun nuna za mu iya. Kotun Duniya ta ba Kamaru Bakassi a 2002, Najeriya ta kammala miƙawa a 2008, duk da zafin abin. Gana da Kwaddibuwa sun karɓi hukuncin 2017 kan iyakarsu ta ruwa ba a harba ko harsashi ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne rikicin Nijar da Benin. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta amince cewa ƙasar da ba ta da gaɓa tana da haƙƙin isa teku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya rufe hanyar Kwatano. Aka ɗage shi a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar gadar Gaya da ke kan iyakarta da Benin a rufe, tana zargin akwai barazanar tsaro daga Benin. A watan Mayu Benin ta hana loda man da ya biyo bututun kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma wa ya biya? Ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, da magidancin da ya tarar kuɗin shinkafa ya ninka masa wahala. Kada mu manta, Najeriya ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da nata hannun a cikin wannan ɗabi'a. A Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS, alhali tsarin Yawunde a Afirka ta Yamma a kan ECOWAS aka gina shi.

Har yau yarjejeniyar Yawunde ba ta tilasta wa kowa komai. Ina kira a mayar da ita doka mai ɗaure ƙasashe, a sa kuɗin cibiyoyinta cikin kasafin kuɗinmu, a buɗe rajista ɗaya ta jiragen kamun kifi daga Senegal zuwa Angola. Sannan a rubuta a fili cewa hanyar abinci da magani zuwa ƙasashen da ba su da teku ba za a rufe ta ba, ko wace irin rigima shugabanni suke yi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano, Katsina da Maraɗi su ya kamata su fara kai wannan buƙata gaban gwamnatocinsu.