Amsar Tambaya: Ina Ne Gwadar, Kuma Su Wa Ke Zaune Cikinta?

 Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, mai sayar da busasshen kifi. Ya ce yana yawan jin sunan Gwadar a labaran duniya, yana so a ba shi tarihinta, da yadda ake mulkinta, da yawan mutanenta.

To Malam, Gwadar dai gunduma ce a lardin Balucistan na ƙasar Pakistan. Tana kwance a bakin Tekun Larabawa, ta yamma kuma ta yi iyaka da Iran. Faɗinta murabba'in kilomita 12,637 ne, amma akasari duwatsu ne da rairayi, ruwan sama ba ya sauka sai jefi-jefi. Saboda haka noma kaɗan ne, teku ita ce gonar mutanen wurin.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, garin Gwadar ya yi shekara 175 a hannun Larabawan Oman. A shekarar 1783 wani ɗan sarki mai suna Sultan bin Ahmad ya yi rigimar sarauta da ɗan'uwansa, ya gudo daga Maskat ya ƙetaro teku. Sarkin Kalat na lokacin, Nasir Khan, ya karɓe shi, ya ba shi Gwadar ya riƙa cin abinci da kuɗin shigarta. Da ɗan sarkin nan ya koma gida ya hau mulki, sai ya ƙi sakin garin, ya naɗa masa hakimi. Ka ji baƙon da aka ba aron ɗaki ya riƙe mabuɗi! Haka aka zauna har Pakistan ta sami 'yancin kai a 1947, Gwadar ba ta cikinta. Sai a watan Satumba na 1958, zamanin firayim minista Feroz Khan Noon, Pakistan ta biya Oman kuɗi ta karɓi garin.

Batun mulki kuwa, a 1977 aka raba yankin Makran gida uku, Gwadar ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Gwamnatin lardi da ke birnin Kwetta ita ke turo babban jami'in gunduma, kamar dai Di'o a wurinmu a da. Manyan garuruwan da ke ƙarƙashinsa su ne Gwadar, Pasni, Ormara da Jiwani, duk a bakin teku.

A ƙidayar 1998 mutanen gundumar dubu 185 ne da 'yan kai. A ta 2023 sun haura dubu 305. Kusan dukkansu 'yan ƙabilar Baluci ne, harshen Baluci suke yi, kuma Musulmi ne.

Dalilin da ya sa kake jin sunanta a rediyo shi ne tashar jiragen ruwa. An fara gina ta a 2002 da taimakon ƙasar Sin, aka buɗe a 2007, a 2013 kuma aka damƙa gudanar da ita ga wani kamfanin Sin. Amma fa Malam, mai ƙaramin kwale-kwale bai ga ribar da aka yi masa alkawari ba. Ruwan sha yakan yanke idan madatsar Akra Kaur ta ƙafe, sai an kawo a tanka. Wutar lantarki ma daga Iran ake sayo ta. Ga manyan jiragen kamun kifi daga waje suna jan koma har ƙasan teku, su kwashe manya da 'ya'ya. Kai da kake sana'ar kifi ka san abin da wannan ke nufi ga kamun baɗi.

Wannan ne ya sa a ƙarshen 2021 dubban mutane, har da mata, suka yi zaman dirshan na wata guda a garin, ƙarƙashin wani malami, Maulana Hidayat ur Rehman, suna cewa a ba su haƙƙinsu. Gwamnati ta amince da buƙatunsu a takarda, amma a 2022 suka sake fitowa, suka ce ba a cika ba. A zaɓen 2024 mutanen Gwadar suka tura malamin nan majalisar lardi ya wakilce su.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.