Amsar Takardunku: Yaro Ya Iya Lissafi, Amma Tambayoyin Basira Na Kayar Da Shi

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wurin wani magidanci a Unguwar Shanu, nan Kaduna. Ya ce ɗansa yana aji shida a firamare, yana so ya shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali. Yaron ba ya wasa da lissafi, Turancinsa ma ba laifi, amma da an zo takardar gwajin basira sai ya rikice. Malam yana tambaya, shin wannan abu baiwa ce, ko kuwa koyonsa ake yi?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Koyonsa ake yi. Jarrabawar shiga makarantun tarayya, wadda aka fi sani da Common Entrance, tana hannun hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999. Ban da lissafi da Turanci, akwai sashen gwajin basira, na lambobi da na kalmomi. Irin waɗannan tambayoyi kuwa ba su rabuwa da mutum. Idan yaron ya girma ya je neman aikin banki, ko na kamfani, ko aikin ɗamara, zai sake cin karo da su, sau da yawa a gaban kwamfuta. Saboda haka manyan da ke sauraro ma su gyara zama.

Mu fara da wanda ya fi kayar da mutane. Za a ba ka magana biyu, a ce me ya biyo baya. Misali: "Duk kifi na tashi sama. Tarwaɗa kifi ce." Yaron da ya saba ganin masunta a bakin Kogin Kaduna zai ce ƙarya ne, tarwaɗa ba ta tashi. Gaskiyarsa, amma ya faɗi. Ba a tambaye shi abin da ke cikin kogi ba, abin da ke cikin takarda aka tambaye shi. In dai an yarda da maganganun nan biyu, to tilas tarwaɗa ta tashi sama. Wannan shi ne abu na farko da za ka koya masa, watau ya ajiye abin da ya sani a bakin ƙofa.

Ga kuma ɗan'uwansa, wanda ya fi shi wayo: "Duk malaman makarantar nan suna hawa keke. Mutumin can yana bisa keke." Shin malami ne? Da yawa sai su ce i. A'a, ba a sani ba. Yana iya zama mai kai saƙo ko mai tallar burodi. An ce duk malamai na hawa keke, ba a ce duk mai hawa keke malami ba ne. Magana ba ta juyuwa baya sai an faɗi haka.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, mu masu tunani da Hausa muna amsawa da Turanci. A zancenmu na kullum, in ka ce "wasu 'yan kasuwar Kawo suna ba da bashi", kowa ya fahimci akwai waɗanda ba su bayarwa. A wannan jarrabawa kuwa, "wasu" na nufin aƙalla mutum ɗaya ke nan. Yana yiwuwa ma dukkansu ne. Don haka a sa yaro ya riƙa jan layi a ƙarƙashin kalmomin nan uku, duk da wasu da babu, tare da takwarorinsu na Turanci, kafin ya dubi amsoshi.

Kada kuma wani ya ɗauka Turawa ne suka kawo mana wannan fanni. Malamanmu na zaure sun san shi da sunan ilmin manɗiƙi. Shehin nan Abdurrahman Al-Ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya a ƙarni na 16, wanda almajirai ke karanta littafinsa Ahalari, shi ne kuma ya tsara Sullam, littafin da ake koyon wannan fanni da shi.

Sai jerin lambobi. A ce 3, 6, 11, 18, me ke biye? Kada yaro ya tsaya yana zura wa lambobin ido. Ya rubuta tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa: 3, 5, 7. Ka ga ta gaba 9 ce, amsa 27 ke nan. In tazarar ba ta nuna komai ba, sai ya gwada ninki ko rabawa. Haruffa ma haka suke. A, C, F, J, sai me? Tsallen 2 ne, sai 3, sai 4, saura 5, watau O. A nan ina jan kunne. Jerin haruffan Turanci ake nufi, mai 26, da P da Q da V da X a ciki, ba na Hausar boko ba. Da zarar an ce a fara, ya rubuta A zuwa Z da lambar kowane a gefen takarda. Minti ɗaya zai ci, ya huta da ƙirga da yatsu.

Tambayar wa ya fi wa kuwa, zane ne maganinta. An ce shinkafa ta fi masara tsada, gero ya fi dawa, masara ta fi gero. A ja layi a jera su, sai ka ga dawa a ƙasa, ba ciwon kai.

Malam ya kuma ce malamin lesin yana sa yaron haddace amsoshin shekarun baya. To ni dai ban ga amfanin wannan ba, kuma kuɗinka ne ke tafiya. Tsoffin takardu suna da amfani ƙwarai, amma don a gane irin tambayoyin. Ranar jarrabawa lambobi za a sauya, hadda ta tashi a banza. Abin da ya fi, kullum bayan la'asar ka ba shi tambaya goma, ka ajiye agogo a gabansa. In ya gama, kada ka tsaya ga daidai ko kuskure. Ce masa, "Yaya aka yi ka samu wannan?" Ko ba ka yi boko mai zurfi ba, za ka gane in cinta ya yi. Wadda ta gagare shi ya tsallake ta, ya komo daga baya, don wata mai sauƙi na jiransa a gaba. Ya kuma karanta umarnin da ke saman takarda, ya ga ko ana rage maki a kan kuskure kafin ya yi cinta.

Mai tambaya daga Badarawa a kan shiga makarantar horon hafsoshin soja ta NDA, takardarka ta iso, ita za mu fara ɗauka a mako mai zuwa. A huta lafiya.